Kafin a raba tarakta biyu, a fara auna wasan kuloci

Da zarar ruwan shuka ya sauka, ƙaramar tarakta ba ta da hutu. Mai ita na da gonarsa, ga kuma manoman da suka ba da kuɗin haya suna jiran a yi musu haro. A irin wannan lokaci ne kuloci ya fi ba da matsala, kuma amsar da aka saba ji daga bakin bakanike ita ce sai an raba taraktar biyu. Ana yawan gaggawar yanke wannan hukunci. Gano abin da ke damun kuloci aiki ne da ya kamata mai tarakta ya iya da kansa a gida, kafin kowa ya ɗora sifana a kan notin farko.

Dalilin a bayyane yake. A taraktoci irin su Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964 kuma har yau ake moronta a gonaki, inji da akwatin giya su ne ƙashin bayan motar, kuloci kuma na tsakaninsu. Babu yadda za a kai ga farantinsa sai an kwance an ja gaba da baya sun rabu. Aiki ne na yini guda ko fiye, ban da kwanakin neman kayan gyara. Gyaran wasan feda kuwa, sifana biyu ne da 'yan mintuna.

Wasan feda shi ne ɗan sararin da feda ke tafiya sakwa-sakwa kafin a ji ta yi tauri, kuma da hannu ake gwada shi, ba da ƙafa ba. A taraktoci da yawa bai wuce kamar inci ɗaya ba, amma kowane samfuri na da ma'auninsa a littafin kamfani. Yayin da faranti ke cinyewa, wasan na raguwa. Idan ya ƙare gaba ɗaya, boris ɗin da ke tura yatsun kuloci zai zauna a kansu kullum, matsi ya ragu, faranti ya fara sulɓi. Nan ne direba zai ji inji na ƙara amma tarakta ba ta ja, ga warin ƙuna. Wanda ya lura da wuri ya daidaita sandar da ke haɗa feda da kuloci ya tsira da farantinsa. Wanda ya ci gaba da jan garma a haka na mako guda, ya ƙone shi, wataƙila har da fuskar babban faifan ƙarfen da ke bayan inji.

Gwajin sulɓi ba ya buƙatar na'ura. A fili mai faɗi wanda babu kowa a gaba, direba na zaune a kujera, sai ya haɗe fedojin birki biyu ya taka, ya sa babbar giya, ya saki kuloci sannu a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faranti na kamawa. Idan ya ci gaba da aiki alhali ƙafa ta bar feda, akwai sulɓi. Daƙiƙu kaɗan sun isa, tsawaita gwajin ƙona farantin yake yi.

Matsala ta biyu kishiyar wannan ce: an taka kuloci amma giya na gurnani ta ƙi shiga. Sau da yawa wasan ne ya yi yawa, feda ba ta tura boris yadda ya kamata. Wani lokaci kuma tsatsa ce ta manne faranti da faifan inji saboda tarakta ta yi watanni a ajiye cikin laima. Abin da ya sa kenan kamfanin Kubota ke ba da shawarar a bar fedar a danne idan za a yi doguwar ajiya. Katako ɗaya da aka tokare feda da shi bayan kaka na hana wannan.

Masu kuloci mai hawa biyu, kamar yawancin 135, su kula da wani abu. Rabin taku na tsayar da tafiya, cikakken taku na tsayar da sandar PTO da ke juya kayan aiki a baya. Idan giya na shiga lafiya amma PTO na gurnani, akwai sukurorin daidaitawa da ake kaiwa gare su ta murfin da ke ƙasan gidan kuloci, ba tare da an raba komai ba.

A nan ƙasan kuma akwai 'yar ƙaramar huda da mutane da yawa ba su taɓa duƙawa sun duba ba. Idan mai na ɗiga daga cikinta, launinsa na ba da labari: baƙi wuluk daga inji yake, mai ɗan haske daga akwatin giya. Ko wanne ne, roba mai tare mai ta mutu, kuma farantin da ya sha mai zai riƙa fizga ko sulɓi. Sa sabon faranti ba a canza robar ba, zubar da kuɗi ne. Ƙara ko shewa da ke tashi sai an taka feda kuwa, boris ne, kuma galibi direba mai ɗora ƙafa a kan kuloci yana aiki ne ya kashe shi.

Kanikawa na cewa masu gyaran gida kan ƙara ɓata abu, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya yi ta murɗa sanda don ɓoye farantin da ya riga ya ƙare, lokaci kawai yake saye da tsada. Haka nan raba tarakta ba aikin tsakar gida mai rairayi ba ne. Yana buƙatar daɓen siminti, jak mai taya, matokarai masu ƙarfi, cire batir, da sa katako a bangarori biyu na gatarin gaba don kada inji ya kife gefe. Bulo ba matokari ba ne, yakan fashe ba gargaɗi. Ƙurar tsofaffin faranti ma na iya ɗauke da asbesto mai lahani ga huhu, don haka da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta, ba a hura ta da iska.

Wanda ba shi da waɗannan kaya ya kira bakanike, amma ya kira shi yana riƙe da sakamakon gwajinsa. Idan ta tabbata sai an buɗe, ya nace a canza faranti, boris ɗin turawa, ƙaramin boris na tsakiyar faifan inji da robobin mai a tashi ɗaya, a saita farantin da sandar daidaitawa kafin a ɗaure, sannan a miƙa masa tsofaffin kayan a hannunsa.