Ijazar Karatun Nesa

Yau ga shi ana karatun jami'a ta intanet, ɗalibi yana zaune Kafin Hausa, malaminsa yana Abuja, ba su taɓa haɗa ido ba. Iyaye suna ta tambaya ko takardar da za a samu ta wannan hanya tana da daraja.

Mu dai a tsangaya ba a kiran mutum gwani don ya ce ya haddace. Sai ya zauna gaban alarammomi, ya karanta, ya rubuta da ka, a bi masa wasali da ɗigo. Mai ba da ijaza kuwa, shi ma sai an san wanda ya ba shi. Nisa bai taɓa ɓata sanadi ba, domin magabata sun ba da ijaza ta wasiƙa. Abin da ke ɓata shi rashin mai shaida.

To, a boko mai shaidar nan ita ce Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, wadda aka kafa a 1962. Takan aika shaihunan malamai su duba kowane fanni daban: malamai nawa, littattafai, yadda ake jarrabawa. Sa'an nan ta ba da cikakken izini, ko na wucin gadi, ko ta hana. Jami'ar Sule Lamido da ke nan garinmu tun 2013 tana ƙarƙashin wannan hukunci. Haka jami'ar karatun nesa, NOUN, wadda Shagari ya kafa a 1983, soja suka dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita.

Amma fa akwai masu algus. A Disamba 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba ko sau ɗaya. Subhanallahi! Watan Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafe su.

Saboda haka, kafin uba ya sayar da shinkafar fadama ya biya kuɗin makaranta, lalle ya binciki ko NUC ta yarda da fannin da yaron zai karanta, domin jami'a tana iya samun rajista alhali an hana wani fanninta. Ya kuma tambayi ɗakin da za a zauna jarrabawa, da wanda zai tsaya kan yaron ya tabbatar shi ne mai rubutun. Wasalam.