Haƙurin da Ake Ɗora wa Jikin Hindu

A 2017 Djaïli Amadou Amal, ƴar Marwa ta arewacin Kamaru, ta fitar da littafinta da kalmar Fulatanci munyal a kan bangonsa. An sake buga shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, ya kuma ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise. Munyal dai haƙuri ne, kuma mai nazarin harshe ya kamata ya tsaya a kan wannan kalma kafin ya wuce zuwa jigo.

Mata uku ne ke ba da labarin: Ramla, Hindu da Safira. Na Hindu ya fi nauyi. An aurar da ita ga ɗan baffanta Mubarak, mashayi, wanda ya yi mata fyaɗe daren farko, duka kuma ya zama abincinta. Ta gudu, aka dawo da ita, mahaifinta ya ƙara mata da bulala. Duk inda ta kai kuka, amsa ɗaya take samu: ta yi haƙuri.

Bahaushe ya san wannan jimla sarai. “Ki yi haƙuri” ita ce ban-baki, ita ce neman gafara, amma a nahawu umarni ce. Wanda ya yi laifin ba ya ɗaukar wani aiki a cikinta. Wadda aka cuta ake ba aikin yi. Haka ma “an aurar da ita”, “an kai ta”, “ya sake ta”: mace karɓau ce a dukansu. Sai a wajen yaji take zama aikau, shi ma dangi ke zuwa biko su mayar da ita.

Akwai masu karanta taɓin hankalin Hindu bayan haihuwa a matsayin tawaye, wai jiki ya faɗi abin da aka hana baki. Wannan fassara ta yi wa azaba kwalliya. Hindu ba ta zaɓi hauka ba, kuma danginta aljanu suka ɗora wa laifin, Mubarak ya fita fes. Safira kuwa, uwargida, ta yi yaƙi da malaman tsibbu da makirci, sai dai kishiyarta Ramla ta sa a gaba, ba mijin da ya tara su ba.

Turjiyar da ta yi tasiri tana cikin tsarin littafin: kowace mace da bakinta take magana, da “ni”. Ramla ce kaɗai ta fice daga gidan da ƙafarta, cikin dare, ba ta jira saki ba.