Hancin Ɗan Sanda Ba Takardar Kotu Ba Ne

Duk mun san ɓarnar da wiwi da ƙwaya suka yi a unguwanninmu, shi ya sa da zarar an ce an kama wani, sai mu ce Allah Ya ƙara. Amma mu tsaya tukuna. Idan jami'i ya ce ya ji wari, shi ke nan ya samu lasisin fasa ƙofa da sa ankwa? Mu dai mun ce a'a.

A 2005, a garin Lexington na jihar Kentucky a Amurka, 'yan sanda suka biyo wani dillalin hodar iblis, ya ɓace musu a tsakanin ƙofofi biyu. Suka ji warin wiwi daga ta hagu, suka buga, suka ce sun ji motsi kamar ana ɓoye kaya, suka ɓalle ta. Ashe wanda suke nema yana ɗakin dama. A 2011 Kotun Ƙolin ƙasar, da alƙalai 8 cikin 9, ta ce buga ƙofar ba laifi ba ne, kuma za su iya kutsawa idan da gaske ana shirin lalata shaida. Mai shari'a Ruth Ginsburg kaɗai ta ƙi. Alhali tun 1948, a shari'ar Johnson, kan warin ƙwayar ofiyom a wani otal a Seattle, kotun ta ce wari na iya zama hujja, amma alƙali ne zai auna shi, ba wanda ya fito farauta ba. Wannan shi ne matsayinmu.

Wari ba ya shiga leda a kai kotu. Ba a ɗaukar hotonsa, ba ya faɗin wanda ya kunna, kuma iska na kai shi gidan maƙwabci. In an samu kaya, an ce hanci ya yi gaskiya. In ba a samu ba, wa zai biya ƙofar, wa zai dawo da mutuncin mai gida a idon iyalinsa?

Za a ce kafin a samo takarda an zubar da kayan. To, a tsare ƙofa, a tura wani wurin majistare. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin gidajenmu, bai ce ban da gidan talaka ba.

Muna son NDLEA da 'yan sanda su kama dillalai, kamun da zai tsaya a gaban alƙali. Amma ikon da ba ya buƙatar shaida, yau a kan ɗan wiwi zai faɗa, gobe a kan ɗanka da ya dawo daga gareji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda yake ganin wari kaɗai ya isa, ya faɗa mana yadda mara laifi zai ƙaryata hancin wani. Allah Ya sa mu dace.