A auna tsofaffin gine-ginen iyakar Bagudo tun suna tsaye

A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris ranar 14 ga Yunin 1898, an ambaci Illo, wadda ke yankin Bagudo, da sunanta. An ce iyaka za ta taɓa kogin Kwara ne mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Layin da ya raba Bagudo da ƙasar Benin, wanda direbobin Tsamiya ke ƙetarawa kullum, daga nan ya samo asali. Takardar tana nan a ajiye. To ina zanen gine-ginen da aka zauna a ciki aka yi mulkin wannan iyaka?

Ofishin hakimi, kotun alƙali, barikin baƙi, duk in ginin ƙasa ne ba ya jiran kowa. Indararo ya toshe, ruwan Agusta ya kwana a kan soro, gara ta shiga azara, kafin damina biyu bango ya tsage. Sai ɗan kwangila ya zo ya rushe, ya ɗora bulo da kwano. Ba wanda ya rubuta kaurin bangon, balle yadda magini ya ɗaura bakan gizo ya riƙe rufi ba tare da ginshiƙi ba. Wannan abin takaici ne ƙwarai.

Akwai wanda ya nuna hanya. Zbigniew Dmochowski, masanin zanen gini ɗan ƙasar Poland, ya shafe shekaru yana zagaya Nijeriya da igiyar awo, yana zana fadoji da masallatai ɗaki bayan ɗaki. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Da irin wannan awo aka gina kwafin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

Kebbi, inda Bagudo take, ta zama jiha tun 1991, kuma tana da ɗaliban zanen gini a Birnin Kebbi. A tura su Illo da Ka'oje da rani, su auna abin da ya rage, su zauna da tsofaffin magina su ji sunan kowane sashe. Kwafi ɗaya na zanen da suka yi a kai gidan tarihin Kanta na Argungu, ɗaya rumbun adana takardun tarihi na Kaduna, na uku ya zauna a hannun hakimi.