FILIN IYAYE DA YARA: Jarrabawar Da Hadda Ba Ta Ci

A wannan wata za mu yi magana a kan yaranmu na aji shida waɗanda za su zauna jarrabawar Kwaman Entirans, wato ta shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya. Hukumar NECO ce take shirya ta kowace shekara. Mutanen Boɗinga da Shagari ba su da nisa da irin waɗannan makarantu. Akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ɗaya daga cikin uku na farko da aka buɗe a 1966 tare da ta Warri da ta Okposi. Akwai kuma ta 'yan mata a Tambuwal.

Kada kowa ya ce ɗan ƙauye ba shi da rabo. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna. Ya zama malamin makaranta, daga baya kuma ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Daki-daki ya hau.

To, ga inda yara da yawa suke tuntuɓe. Ban da Lissafi da Turanci, akwai sashen da ke gwada kaifin tunani. Wannan ba abin haddacewa ba ne. Yaro yana iya haddace jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu, amma ya zo nan ya yi tsuru-tsuru, domin ba a taɓa koya masa ya tambayi kansa, "Me ya sa?" ba. Irin wannan gwaji ya daɗe. Wani Bafaranshe mai suna Alfred Binet da abokin aikinsa suka fito da nasu a 1905. Yau kuma kamfanoni da bankuna da yawa sukan yi wa masu neman aiki irinsa. Ashe abin da yaro ya koya yanzu zai amfane shi har ya girma.

Bari mu duba irin tambayoyin ɗaya ɗaya.

Na ɗaya, jerin lambobi. A ce 2, 5, 10, 17, sai me? Ku koya wa yaro ya duba tazarar da ke tsakani. Daga 2 zuwa 5 uku ne, daga 5 zuwa 10 biyar, daga 10 zuwa 17 bakwai. Tazara ta gaba tara ce ke nan. Amsa ita ce 26.

Na biyu, fitar da bare. Gero, dawa, masara, albasa: wanne ne ba na cikinsu ba? Albasa, domin sauran hatsi ne. Kada ku karɓi amsa sai ya faɗi dalili.

Na uku, rubutun ɓoye. Idan an rubuta GERO ya zama HFSP, yaya za a rubuta DAWA? An matsa kowane harafi gaba da taki ɗaya bisa jerin haruffan Turanci. Saboda haka DAWA zai zama EBXB.

Na huɗu, yanke hukunci. Wannan ya fi sauran tarko. Dukan garuruwan ƙaramar hukumar Boɗinga suna cikin Jihar Sakkwato. Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Lalle Sifawa tana cikin Jihar Sakkwato. Wannan daidai ne. Amma a juya: garin Shagari yana cikin Jihar Sakkwato, don haka yana cikin Boɗinga. Wannan kuskure ne, domin ba a ce duk abin da ke cikin jihar na Boɗinga ba ne. Kowace akuya dabba ce, amma ba kowace dabba ce akuya ba.

Ga wani tarkon. Ladi ta fi Talatu tsawo. Asabe ma ta fi Talatu tsawo. Tsakanin Ladi da Asabe wa ya fi? Yaro mai gaggawa zai ce Ladi, don ita aka fara ambata. Gaskiya kuwa ba a faɗa ba. Wanda ya iya rarrabe abin da aka faɗa da abin da ya zata, ya ci rabin jarrabawar.

Yaya za mu taimake su a gida? Ba sai uwa ko uba sun yi boko ba. Kacici-kacici da tatsuniya bayan tuwon dare makaranta ce. Dara ma haka, domin mai dara ba ya ajiye ɗa sai ya hango abin da abokin wasa zai yi. Uwa, in kin aiki yarinya kasuwa, sa ta lissafa canji kafin ta fita. Maigida, in kun hau mota daga Sakkwato zuwa Tambuwal, tambayi yaro: in Boɗinga ce kafin Shagari a tafiya, wacce ce farko a dawowa?

Sai dai a tuna, da Turanci ake yin tambayoyin. Yaro ya san ƙananan kalmomin nan na Turanci masu nufin "duka", "wasu", "babu", da "ban da". Kalma ɗaya takan juya tambaya gaba ɗaya. A nemi takardun jarrabawar shekarun baya wurin malaminsa. Tambayoyi goma kullum sun fi ɗari a daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar jarrabawa ya yi barci sosai, ya karya kumallo. Ya karanta kowace tambaya sau biyu. Wadda ta gagara ya wuce ta, ya komo daga baya. Ya lura lambar amsa ta dace da lambar tambaya, gama tsallake layi ɗaya yakan ɓata duk na ƙasa.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye. Akwai masu zuwa su ce a ba su kuɗi su samo amsa. Kada ku yarda. Uban da ya saya wa ɗansa amsa ya koya masa sata, ya kuma gaya masa cewa kansa ba ya ja. In yaro bai ci ba, kada a zage shi. Jarrabawa ɗaya ba ta auna darajar mutum.

Ga aikin gida. Wani mutum ya zo bakin gulbi da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta. In ya bar akuya da harawa, haka nan. Yaya zai haye da su duka lafiya? Ku zauna da yara ku warware. Sai wata mai zuwa za ku ga amsa.