Korar Ɗalibi Ba Tarbiyya Ba Ce

Wani yaron unguwarmu a Sheka ya fasa tagar aji garin faɗa da abokinsa. Shugaban makarantar bai nemi jin ba'asi ba, ya miƙa masa takarda: ya tafi gida mako biyu. Uban direban babbar mota ne, yana hanyar Legas, uwar kuma ba ta iya karanta takardar ba. Mako biyu ya koma wata shida, yau yaron yana kwana cikin wani kango a Sharada tare da 'yan shaye-shaye. Tagar kuwa har gobe ba a gyara ta ba. To, jama'a, wa aka yi wa horo a nan?

Ni dai a ganina kora da dakatarwa ragwanci ne aka sa wa rigar ladabtarwa. Malami ya huta da ciwon kai, unguwa ta ɗauka. A da can idan aka kori yaro, akwai inda zai nufa. Masaƙu da masana'antun jima da na robobi a Bompai da Sharada da Challawa suna ɗaukar leburori, yaro ya sami na tuwo, ya kuma sami ubangida mai tsawata masa. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, da yawa daga cikin kamfanonin nan suka rufe ƙofa. Wanda aka kora yanzu babu mai jiransa sai 'yan daba da masu ƙwacen waya da dillalan ƙwaya. Ko mun manta abin da kodin ya yi wa matasan Kano har gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018?

Abin mamaki, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. A 2019 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, a 2024 aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Da hannun dama muna tattaro yara daga titi, da na hagu muna mayar da su.

Na san abin da malamai za su ce: wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mai fama da yara sama da ɗari a aji ɗaya ina ya ga lokacin lallashi? Gaskiya ne, ba na raina wahalarsu. Amma wake ake tsincewa a yar, shi ɗan mutum duk inda ka yar da shi nan zai tsiro. Wanda ka kora yau, gobe shi zai tare ɗalibanka a bakin ƙofa da wuƙa.

Mafita ba ta gagara ba. Na farko, wanda ya yi ɓarna ya gyara da hannunsa. Ya fasa taga, ya tsaya tare da kafinta har a kafa wata. Na biyu, a zauna sulhu: mai laifi da wanda aka cuta da iyaye da mai unguwa da liman, a ji ta bakin kowa, a yanke abin da zai yi, a sa wanda zai bibiya. Na uku, idan dole sai an raba shi da ajinsu, a ware masa wuri cikin makaranta da aikin karatu a gabansa. Na huɗu, a farfaɗo da ofishin malamin ba da shawara wanda manufar ilimi ta ƙasa ta tanada tun 1977, domin sau da yawa bayan taurin kai akwai yunwa ko maraici ko rikicin gida. Wanda ya zo da makami, i, a raba shi da sauran yara, amma a miƙa shi hannun masu gyaran hali da koyar da sana'a, kada a sake shi haka nan.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne. Ƙasar New Zealand ta sa zaman sulhun iyali cikin dokarta a 1989, kuma daga al'adar ƙabilar Maori ta ɗauko shi. Makarantun birnin Los Angeles na Amurka sun daina dakatar da yaro don rashin kunya kawai tun 2013. Mu da muka gaji sulhu a zauren mai unguwa, mu ne za mu yar da namu?

'Yan'uwa marubuta, mun cika kasuwa da labaran soyayya da kishiyoyi. Wa zai rubuta mana labarin yaron da takarda guda ta raba shi da aji har abada? Da yawa cikinmu malaman makaranta ne, alƙalamin da muke rubuta littafi da shi, shi muke sa hannu da shi a takardar kora. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a sare shi don ya karkace. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba malamanmu haƙuri.