Ra'ayinmu: Maganin Tsofaffinmu da Inshorar Lafiya

Da wuya ka shiga gida a Gangaren Tudu ba ka tarar da dattijo mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga kullum ba. Irin wannan magani ba a fashinsa, ga shi kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar darajar naira a 2023.

Dokar hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya, ta kuma sanya tsofaffi cikin masu raunin da ya kamata gwamnati ta tallafa wa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Don haka kada kowa ya noƙe wai don kakansa daga Kano ko Katsina ya zo Keffi.

Sai dai muna jan hankalin magidanta: kafin ku yi wa tsoho rajista da hukumar NASHIA ta jihar Nasarawa, ku riƙe lambarsa ta NIN da kwalayen magungunansa, ku yi tambaya uku. Shin maganinsa na cikin jerin da inshorar ke biya? Nawa za ku cika daga aljihunku? In ciwo ya tsananta, za a tura shi asibitin tarayya na Keffi? Sannan ku zaɓi asibitin da ya fi kusa da gida.

Duk wanda aka mayar saboda takardar shaidar asali, ya sanar da ƙungiya domin mu bi masa kadi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.